Tumatur ɗina ya ƙi nuna: ciwo ne, zafi ne, ko daga irin ne?

Na_Kwalkwalawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina da damuwa, wanda Allah ya ba sani shi taimaka mani. Bara na sayi irin tumatur na gwangwani, mai tsada, na dasa. Allah ya sa albarka, ɗiyan sunka hito masu ƙarfi, ja jawur, kwando shina kwana biyat bai yi ruwa ba. Da nig ga hakanan sai na zaɓi manyan na matse, na shanya irin na aje, awa yadda muka saba da namu na gida tun zamanin tsohona. Bana shi na rena na dasa. Yanzu fangali guda amma tumatur kala ukku. Wani awa na bara. Wani shina nuna da wuri shi yi laushi. Wani ko, shi na ad damuwata, ɗan shina girma har shi cika, sai shi tsaya. Daga kore shi koma ɗorawa-ɗorawa, ƙarfi awa gauta, ba shi ja. Na tsinke wasu na aje ɗaka sati ukku, ba su nuna ba, ba su ruɓe ba. Maƙwabcina ya ce kamfani ne ka sa ma iri magani don kada a maimaita shi. Mi ag gaskiya?

Bagobiri_77:
Wa alaikumus salam. Zafi na, ɗan'uwa. Duk shekara in bazara ta kama haka tumatur ka yi, shi yi rawaya shi ƙi ja.

Dillalin_RaminKura:
@Bagobiri_77 wane zafi cikin Janairu? Mutane na kwana da bargo biyu. Kuma na zafi da ka ke faɗi laushi yake yi, yana saurin lalacewa. Wannan an ce sati uku a ɗaki bai ruɓe ba. Ni dai in zai samu mai yawa ma ina so in gani da idona.

Baba_Wurno:
Yaro duba ganyen. In ya nannaɗe ya yi ƙanana ya yi rawaya, ciwon da farin ƙuda ka kawowa na. In ganye lahiya lau, to ba ciwo ba na.

Na_Kwalkwalawa:
Ranka shi daɗe Baba, ganye kore shar. Su ma waɗanda sunka ƙi nuna sun hi sauran kyawon gani.

Malamin_Gona:
Malam Na_Kwalkwalawa, abin da ka kwatanta ya yi daidai da wani abu da aka daɗe da sani a ilimin gadon tsirrai, kuma ba magani aka sa ba. Ka duba gwangwanin bara in yana nan, za ka ga an rubuta F1. Ma'anarsa an haɗa auren iri biyu daban, uwa da uba, abin da aka sayar maka shi ne 'ya'yansu na farko. Kowane tsiron tumatur yana ɗauke da kowace ƙwayar gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

A cikin tumatur akwai ƙwayar gado da ake kira RIN, ita ce kamar sarkin noma a gandun nuna: ita ke ba da umarni a fara. Akwai wata gurguwarta, rin, wadda aka tarar a gonar gwaji a Amurka a shekarun 1960. Tumatur ɗin da ya gaji gurguwar daga uwa da uba duka ba ya nuna ko kaɗan. Wanda ya gaji gurguwa ɗaya da lafiyayya ɗaya yana nuna, amma a hankali, kuma yana daɗewa da ƙarfinsa. Wannan na biyun shi ne masu haɗa iri ke so, shi suke sayarwa a matsayin tumatur mai jure tafiya.

To da ka matse irin na bara ka shuka, jikoki ka shuka. A jikoki gadon yana rarrabuwa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu su ɗauko lafiyayyu biyu, su ne masu saurin laushi. Rabi su fito kamar na bara. Ɗaya cikin huɗu su ɗauko guragu biyu, su ne naka da suka ƙi ja. Kala ukun da ka lissafa ke nan.

Ka yi mana abu biyu. Ka ƙirga tsirran fangali guda, nawa ne suka ƙi nuna. Sannan ka dubi koren hular da ke kan ɗan tumatur, wurin da ya haɗu da reshe, ka gwada ta da ta sauran.

Yar_Mabera:
Malam, ya sa su a cikin buhu tare da ayaba mana. Mu haka muke yi wa mangwaro da gwanda, kwana biyu sun nuna.

Malamin_Gona:
@Yar_Mabera dabarar nan taki gaskiya ce, kuma tana da dalili. Ayaba nunanniya tana fitar da wata iska da ba a gani, sunanta etilin. Tumatur, ayaba, mangwaro da gwanda duk da ita suke tada nunarsu, kuma in ɗaya ya fara fitarwa sai ya ja na kusa da shi. Shi ya sa kwandon da aka cusa nunannu da ɗanyu tare yake lalacewa gaba ɗaya. Lemo da kankana ba sa cikin wannan layi, in ka tsinke su ɗanyu ba za su ƙara zaƙi ba ko shekara za su yi. Amma mai guragu biyun nan ko an rufe shi da ayaba ba zai yi nuna ta sosai ba. Ya gwada, hakan ma wata shaida ce.

Abu_Sumayya:
Ni tun farko na san za a zo nan. Wannan shi ne GMO ɗin da ake ta faɗa mana, irin da ake canza wa gado a ɗakin gwaji. Su kawo iri, ka shuka sau ɗaya, shekara mai zuwa dole ka koma wurinsu da kuɗi. Kakanninmu sun yi noma ɗaruruwan shekaru da irin da suke ajiyewa a tulu. Yanzu an mai da manomi ɗan amshin shata. Kuma ina tsoron mu faɗa cikin masu canza halittar Allah.

Dalibar_Danfodiyo:
@Abu_Sumayya Malam, da girmamawa, abu biyu ne aka haɗa. Irin F1 aure ne tsakanin tumatur da tumatur, ana ɗebo garin furen wannan a sa wa wancan da hannu. Ba a ɗakin gwaji ake shigar da komai ba. Ita kuma rin da kanta ta faru a gona, mutane suka gani suka ajiye.

Tumatur na GMO na farko da aka sayar shi ne Flavr Savr, na kamfanin Calgene a Kalifoniya, a 1994. Sun rage aikin ƙwayar gadon da ke narkar da bangon naman tumatur don kada ya yi saurin ruɓewa. Bai yi kasuwa ba, zuwa 1997 an daina shi. A Najeriya abin da na san an saki na abinci shi ne wake SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a 2019 da masarar TELA a 2024, kuma hukumar NBMA mai sa ido kan GMO da aka kafa a 2015 ce ke ba da izini. Maganar komawa sayen iri duk shekara kuwa, wannan kam ina tare da kai, nauyi ne a kan talaka. Amma dalilinsa rarrabuwar gado ce kamar yadda Malamin_Gona ya faɗa.

Liman_Gidan_Igwai:
Game da tsoron da Abu Sumayya ya ambata, tsoron Allah abin yabo ne. Sai dai mu tuna hadisin barbarar dabino da ke cikin Sahihu Muslim. Mutanen Madina suna ɗaukar furen namiji su sa wa mace, da suka bari sai dabinon ya yi rauni, Manzon Allah (SAW) ya ce musu su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. Haɗa fure da fure tsohuwar sana'a ce. Maganar shigar da gadon wata halitta cikin wata, wannan babi ne daban da malamai ke tattaunawa, kada mu yanke shi a nan da gaggawa.

Abu_Sumayya:
Na karɓi gyara a kan dabino, Allah ya saka. Amma ban sauka daga maganata ta dogaro da kamfani ba.

Direban_Ikko:
Ku da kuke zagin tumatur mai ƙarfi ku hau mota ɗaya da ni zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko. Kwana biyu, wani lokaci uku in hanya ta ɓaci ko mota ta samu matsala. Kwando kan kwando. Kafin mu wuce Jebba ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin mota, wannan ruwan kuɗin manomi ne ke zuba a titi. Na sha ganin mai kaya ya tsaya yana hawaye wurin sauke kaya. Irin mai jurewar nan rahama ne gare mu.

Hajiya_Mai_Kauda:
Rahama gare ku, mu da ke tukunya fa? Shekara ashirin ina sana'ar abinci da kauɗa. Wannan mai ƙarfin kyan ɗan maciji ne, ka yanka ka ga cikinsa fari-fari, ba ƙamshi, miya sai ka ƙara na leda kafin ta yi ja. Namu na da, mai koren wuya, mummuna ne a ido amma guda biyar sun isa miyar gida. Kuma in an shanya shi kauɗarsa ta fi zaƙi nesa ba kusa ba.

Dalibar_Danfodiyo:
Hajiya wallahi harshenki ya riga masu bincike. Koren wuyan nan da kike faɗi an yi nazarinsa, an buga sakamakon a 2012. Shekaru da dama masu haɗa iri suna zaɓen tumatur mai nuna bai ɗaya, marar koren wuya, don ya fi kyau a kasuwa. Ashe ƙwayar gadon da suka kawar, GLK2, ita ke sa ɗanyen ɗa ya yi kore sosai ya haɗa sukari da hasken rana. Da aka rasa ta sai zaƙi ya ragu. Mai rin ɗaya shi ma jansa da ƙamshinsa ba sa kai na asali. Abin da Direba ya samu, daga tukunyarki aka cire shi.

Dan_Goronyo:
Ku ba ni dama in karkata kaɗan tunda masana na kusa. Ni tawa matsalar albasa ta. Bana kusan kashi ukku cikin goma na gonata ta hitar da sandar hure tun ba a kai ga cira ba. Kowa ya san wadda tay yi sanda ba ta ajiyuwa cikin rudu, tsakiyarta ƙarfi da rami, dillali ware ta shikai. Shin wagga ma gado ta?

Baba_Wurno:
Yaushe kad dasa, kuma ina kas samu iri?

Dan_Goronyo:
Na yi sammako Baba, don in riski kasuwa da tsada. Dashen ya ɗan girma cikin reno kahin in cire. Irin ko nawa na, daga waɗanda sunka yi hure bara cikin gona na tara.

Baba_Wurno:
To kai ka jawo ma kanka, ɗana, ta hanya biyu. Albasa in ta yi ƙwari sannan ɗari ya same ta, hure za ta yi. Ƙaramin dashe ɗari ba shi ruɗa shi. Na biyu kuma shi ya hi muni. Mu yadda munka gada, ba a ɗibar iri ga albasar da tay yi hure shekarar hwarko. Sai ka cire albasa, ka aje, ka zaɓi wadda ta jure ajiya ba ta tsira ba ba ta ruɓe ba, ita za ka maida ƙasa da hunturu ta ba ka iri. Wanda ya tara irin mai gaggawa, gaggawa ya tara. Shekara ukku kana hakanan rabin gonarka sanda za ta zama.

Malamin_Gona:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Abin da zan ƙara kawai: albasa tsiro ne mai zango biyu, zangon farko ta tara abinci a kai, na biyu ta yi fure, kuma sanyi ne ke gaya mata zango ya juya. Yawan sanyin da kowace ke bukata gado ne, shi ya sa zaɓen Baba yake aiki. Ita kuma yin kai tsawon yini ke tada shi. Irin Galmi ta ƙasar Nijar da namu na nan masu gajeren yini ne. Wanda ya kawo irin albasar arewacin Turai ya shuka a Sakkwato ganye zai yi ta samu, don tana jiran yinin da ya fi namu tsawo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, saƙon fure a ganye ake haɗa shi, ya bi jijiya ya hau kan tsiro. Wani masani na Tarayyar Sobiyat, Chailakhyan, ya yi hasashensa a 1936 ya sa masa suna florijin, amma sai wajen 2007 aka tabbatar da ko mene ne, wani furotin da ake kira FT. A albasa dangin FT ɗin nan ne, wani na kula da yin kai, wani na kula da fure. A tumatur ɗan'uwansa SFT ne, yana da abokin ja mai suna SP. In SP ta gurgunce sai tsiron ya tsaya gajere ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. Irin tumatur Roma da UC82 haka suke. Shi ya sa kowa a fadama yake tsinka a mako ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi.

Bagobiri_77:
To ni da anka ƙaryata, zafin ba ya da laihi ke nan ko kaɗan?

Malamin_Gona:
@Bagobiri_77 ba a ƙaryata ka ba, lokacin ne bai dace ba. Jan tumatur wani sinadari ne, laikofin, kuma in zafi ya haura digiri 30 haɗa shi yana tsayawa, sai ɗan ya yi ruwan lemo. A Afrilu da muke wuce 40 dole ka ga haka. Zafin yana kashe garin fure ma, musamman in dare bai yi sanyi ba, sai fure ya bushe ya zube ba ɗa. Bambancin shi ne zafi duk gonar yake kamawa, ba ya tsallake wannan tsiro ya kama na gefensa.

Mai_Kankana_Kware:
Maganar zubar hure ta tuna mani. Sabbin manoman kankana da kabewa suna tada hankali in sunka ga huren hwarko na zuba. Wannan namiji na, dama ba shi ɗa. Macen tana zuwa baya, za ka ganta da ɗan ƙulli ƙarƙashinta. Abin da ka kashe mu shi na feshi da sahe lokacin da ƙudan zuma ka aiki. Na yi wannan kuskure shekara guda, yaɗo ya rufe gona, ɗiya ƙirgau.

Yar_Mabera:
Tunda an ambaci iskar nuna, masu sa wa ayaba da mangwaro kabayid fa? Shi ma etilin ɗin ne?

Dalibar_Danfodiyo:
A'a Yaya. Kabayid na masu walda ne, in ya ji danshi yana fitar da asitilin, wadda ke kwaikwayon etilin. Bawo ya yi rawaya, ciki ɗanye. Kuma yana zuwa da dattin sinadarai masu guba irin su arsenik. NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Dabararki ta ayaba a buhu ta fi shi sau dubu.

Na_Kwalkwalawa:
Na dawo daga fadama. Malam na ƙirga fangali huɗu, tsiro 118. Waɗanda sunka ƙi nuna 27. Hular kuma, wallahi sai da na kira ɗana shi gani. Tasu doguwa ta, mai hwaɗi, awa ƙananan ganye, ta sauran ko 'yar ƙarama. Shekara nawa ina noman tumatur ban taɓa kula da hula ba. Na kuma sami gwangwanin, F1 na nan rubuce. Ta ina hula ta haɗu da nuna?

Malamin_Gona:
Alhamdu lillahi. 27 cikin 118 ya kusa ɗaya cikin huɗu. Hular kuwa ga yadda take. A 2002 ƙungiyar masu bincike ta Jim Giovannoni a Amurka ta gano ainihin abin da ya faru a rin: wani yanki ne na gadon ya gutsure, kuma gutsurewar ta shafi ƙwayoyi biyu da ke maƙwabtaka a jere. Ɗaya ta nuna ce, ɗayar mai suna MC ita ke tsara girman hular fure. Ɓarna ɗaya, alama biyu. Su biyun kuma 'yan gida ɗaya ne, dangin da ake kira MADS, waɗanda su ne ke faɗa wa fure ina hula za ta fito, ina ganyen fure, ina namiji, ina mace. Ɗan tumatur ai cikin macen fure ne da ya kumbura. Dangin da suka gina furen su ne ke rakiyarsa har ya nuna.

Dillalin_RaminKura:
To yanzu miye shawara? Ya tuge su?

Hajiya_Mai_Kauda:
Ya koma irin gida kawai ya huta.

Direban_Ikko:
Irin gida ba ya kai Ikko, Hajiya. Sai dai in a Kasuwar Daji zai sayar duka.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata ga Malam da ɗalibarmu: tunda kun san duk wannan, me ya hana a ɗauki namu mai zaƙin a gyara shi ya jure tafiya da zafi, ya zama iri tsayayye da manomi zai ajiye da kansa? Ga jami'a a nan, ga Samaru, ga cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Ibadan.

Dalibar_Danfodiyo:
Ana iya tsayar da iri, Malam, ta hanyar zaɓe zuriya bayan zuriya, wajen shida zuwa takwas. Amma ba da rin ba, don amfaninta sai tana ɗaya tak, kuma ɗaya tak ba ta tsayawa, kullum sai ta rarrabu kamar yadda ta yi a Kwalkwalawa. Akwai wata hanyar: a Sifen suna da tumatur da ake ratayewa a ɗaka ya yi watanni, mai ɗauke da wata ƙwaya da ake kira alc. Shi yana nuna ko ya gaji biyu, don haka manoma ke ajiye irinsa.

Baba_Wurno:
Na_Kwalkwalawa, kada ka tuge duka. Cikin masu saurin nunan nan duba wanda ya hi ɗiya da daɗi, ɗaura mai tsumma, ka ɗebi irinshi daban. Na tsakiyan ka sayar, kada ka aje irinsu.

Na_Kwalkwalawa:
Na ji Baba, gobe in Allah ya kai mu zan ɗaura tsumman. Masu hular zan cire su in ba sauran wuri, amma zan bar guda biyu ƙarshen fangali, Dillali ya ce shina son gani. Na kuma sa biyat cikin buhu da ayaba tun da la'asar. Malam, waɗanda na ɗaura ma tsumma, in na shuka irinsu baɗi, ƙarfin nan na bara ya tahi ke nan gaba ɗaya, ko wani abu zai rage?